Babi na Shida: Canji, Aike da Wayar Ɗalibi

Duk wanda ya taɓa shiga gbaka a Abijan ya san rigimar canji. Gbaka ita ce ƙaramar bas ɗin da ke kwaso talakawa daga Abobo da Yopugon ta zube su a Ajame. Tun kafin ka sa ƙafa, yaron mota yana rataye a bakin ƙofa yana shelar a shigo da canji, amma ba kowa ke da shi ba. In aka iso tasha ya ga mutum biyu ko uku na bin sa, sai ya damƙa wa ɗayansu takardar dala ɗari, wato sefa 500, ya nuna sauran da baki, ya ce ku je ku raba, mota ta tashi. Shi ke nan an ɗaura maka auren minti goma da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Wataƙila ɗaya tsohuwa ce Ba'ule da kwandon kayanta, ɗayan kuma saurayi ne ɗan Burkina da ya makara wurin aiki. Dole ku tsaya ku yi shawara: wa zai sayi ruwan leda don a fasa kuɗin, wa zai riƙe takardar kafin nan, wa zai haƙura da dala biyar ɗin da ta ƙi rabuwa.

Ba wanda ya taɓa kiran wannan abu darasi, amma a nan yaro yake koyon karanta fuskar baƙo. Yana gane wanda za a ba amana da wanda zai zille da kuɗin cikin cunkoso. Yana koyon yadda ake yi wa tsohuwa magana ta saki ranta, da yadda ake karɓar haƙƙi ba a kai ga cin kwala ba. Ɗalibin Jami'ar Nangui Abrogoua, wadda ke kan hanyar Abobo da Ajame, da wanda ke canza mota a Ajame ya nufi Jami'ar Félix Houphouët-Boigny a Kokodi, sun daɗe suna shan wannan karatu safe da yamma har su gama digiri, kuma ba a taɓa rubuta shi a takardar sakamakon kowa ba. Irin wannan karatun ne wayar hannu take ragewa a hankali, kuma da sauƙaƙawa take yi, shi ya sa ba a jin zafinsa.

Sai an san unguwanni biyu, Tireshbil da Ajame, za a gane girman abin. Tireshbil Turawan mulkin mallaka ne suka yanka ta a ƙetaren ruwa don 'yan Afirka, suka laƙaba mata sunan Marcel Treich-Laplène, suka jera titunanta da lamba. Da aka fasa mashigar Vridi a 1950, aka buɗe tashar jiragen ruwa a shekarar da ta biyo, lebura suka yi ta kwararowa daga arewa. A nan Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Moi, un noir na 1958 a kan samarin Nijar masu aikin dako, kuma Oumarou Ganda da ya fito a ciki daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu shirya fim na Nijar. Ajame kuwa ita ce mahaɗa: babbar tashar motoci, babbar kasuwa, inda duk mai shigowa Abijan daga tudu yake fara sauke jakarsa.

Hausawa sun san ƙasar nan ta Kodebuwa tun zamanin fataucin goro ta hanyar Gwanja, lokacin da ayari ke sauka Bonduku, kuma har gobe ana ɗaure huhun goro a Anyama a arewacin Abijan ana lodawa zuwa Najeriya da Nijar. Daga baya 'yan cirani suka biyo, daga Tawa da Adar da Maraɗi da Damagaram: masu albasa, mahauta, masu tsire, masu shayi, da masu garba, wato aceke na rogo da soyayyen kifin tuna da barkono, abincin da ya riƙe cikin ɗaliban Abijan fiye da kowane ɗakin cin abinci na jami'a, wanda kuma 'yan Nijar ne suka yi suna a sayar da shi. Saurayi yakan sauka a tashar Ajame ba Faransanci ba Julanci, abin da ke hannunsa sunan garinsu da sunan mai masauki. Da tambaya yake isa. Kafin shekara ta zagayo yana ciniki da harshe uku, yana jin an ce sefa 100 da Faransanci ya juya shi dala ashirin a kansa, ya kuma mayar wa 'yar Jula da lissafinta, tunda su ma biyar-biyar suke ƙirga kuɗi. Jarinsa bakinsa ne da fuskarsa. 'Ya'yan waɗannan mutane da jikokinsu su ne a yau suke ɗauke da jakar baya suna shiga jami'a, kuma a kansu ne iyaye suke kukan cewa an yi karatu amma ba a iya mutane ba.

Wayar salula ta shigo Kodebuwa a 1996. Da fari ma ƙara haɗa mutane ta yi, domin wanda ba shi da ita sai ya je kabin, wato ɗan teburi da laima a bakin titi inda wani saurayi, sau da yawa mai digiri da bai sami aiki ba, yake ba da hayar wayarsa ana biya da minti. Ana layi, ana jin sirrin juna, ana gulma. A Disamba 2008 Orange Money ta aika kuɗi ta waya ta fara aiki, kuma Kodebuwa ce ƙasar farko da kamfanin ya gwada ta. Tecno da Itel da Infinix na kamfanin Transsion na ƙasar Sin suka sauko da farashin babbar waya har ta shiga aljihun ɗalibi. Yango, manhajar kiran tasi, ta zo a 2018. Layuka suka yi yawa har aka ƙara wa lambobin ƙasar tsawo zuwa goma a Janairu 2021, kuma a wannan shekarar Wave ta shigo da kuɗin aikawa kashi ɗaya cikin ɗari, shuɗin katinta ya rataya a shaguna da rumfunan abinci. Ƙidayar 2021 ta ba ƙasar mutum miliyan 29 da ɗoriya. Layukan waya na Orange da MTN da Moov sun zarce wannan adadi nesa ba kusa ba.

Kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan alheri ne, ba na musu. Amma kowanne da mutumin da ya cire daga hanyar ɗalibi. Wanda ya biya da Wave ba ruwansa da tsohuwar da za su raba canji. Wanda ya kira Yango an yanke masa farashi tun kan ya fito, bai yi ja-in-ja da direban woro-woro, wato tasin haɗaka, ba. Taswira ta ɗauke masa tsayar da mai kanti a Titi na 12 ya tambayi hanya. Takardar darasi kuma wakilin aji ya riga ya jefa ta a zauren WhatsApp, ba sai ya bi wani ɗan aji da ba su saba ba ya roƙi aron littafinsa, ya yi alkawarin dawo da shi gobe, ya kuma cika.

Wanda ya fi damuna a cikinsu duka shi ne aike. A gidan Bahaushe, ko a Katsina yake ko a Tireshbil, aike shi ne babbar makarantar ladabi. Uba zai kira yaro ya ce, “Je ka gidan Kawunka Alhaji, ka gaishe shi, ka ba shi wannan, ka ce masa kayan sun iso amma biyu sun lalace.” Cikin wannan 'yar tafiya akwai abu goma da ba a faɗa ba. Zai yi sallama ya jira a amsa. Zai tuɓe takalmi, ya rusuna, ya ce “Kawu ina wuni,” ya bari a gama tambayarsa mutan gida da karatu da jikin mahaifiyarsa kafin ya taɓo abin da ya kawo shi. In ya tarar da baƙi zai gane da kansa cewa maganar kaya biyu da suka lalace ba ta gaban jama'a ba ce, sai ya zauna gefe har a sallame su. In Kawu ya ɓata rai ya faɗi wata kalma mai zafi, yaron ne zai auna a hanya wace zai kai gida yadda take, wace zai sassauta. In an ba shi tukwici zai ƙi sau ɗaya kafin ya karɓa da hannu biyu. Yaron da aka aika sau ɗari kafin ya shekara ashirin ya iya shiga ofishin kowa. A yau uban da kansa yake tura kuɗin ta waya, ya bi su da saƙon murya, a gama cikin minti ɗaya. Ba a cuci kowa ba, kuɗi sun isa lafiya, yaro ma ya sami lokacin karatu. Sai dai ya kai aji uku a jami'a Kawunsa bai san muryarsa ba, shi ma bai san yadda ake zama gaban dattijon da ya fusata ba.

Masu bincike a Kanada sun gwada wani abu mai kama da wannan. A wani aiki da Kostadin Kushlev da Jason Proulx da Elizabeth Dunn suka wallafa a 2017, an sa ɗaliban Jami'ar British Columbia su nemo wani gini da ba su sani ba a harabar makarantar, wasu da waya, wasu babu. Masu waya sun fi samun ginin cikin sauƙi. Marasa waya sun sha wuya, sun tsayar da mutane sun yi tambaya, amma su ne suka dawo suna jin sun fi kusanci da jama'a. A shekarar da ta biyo, Ryan Dwyer da abokan aikin nan biyu, Kushlev da Dunn, suka fitar da sakamakon wani gwajin a gidan abinci a Vancouver da mutum sama da 300: waɗanda aka bari wayoyinsu na kan tebur sun fi jin hankalinsu ya rabu, sun kuma rage jin daɗin zaman da 'yan uwa da abokai. Bambancin ba babba ba ne a zama ɗaya, amma ɗalibi ba zama ɗaya yake yi ba.

Ya kamata kuma a faɗi ɗaya ɓangaren, domin masu wa'azin waya sukan wuce gona da iri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da jarabar wasannin kwamfuta a matsayin cuta, amma ba ta sa jarabar waya a jerin ba. Amy Orben da Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford sun tace bayanan matasa sama da 350,000 a 2019, suka tarar amfani da na'urori bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin ɗari na bambancin walwalarsu ba. Wannan awon walwala ne, a Amurka da Birtaniya, ba awon iya hulɗa ba, amma ya isa ya sa mutum ya rage murya. Ni a ganina ƙirga sa'o'in da ɗalibi ya yi yana kallon waya ba ya gaya mana abu mai yawa. Abin tambaya shi ne me da me ya daina yi da ƙafarsa da bakinsa.

Kuma duk wanda ya ce ɗaliban Abijan sun zama kurame bai zauna da su ba. Surutu ma ƙaruwa ya yi. Nushi, yaren titin da ya tashi a unguwanni irin su Ajame daga gaurayen Faransanci da Julanci da Ba'ulanci, bai taɓa bunƙasa kamar yadda yake yi a Facebook da TikTok ba, kuma 'yan Kodebuwa sun yi suna a duk ƙasashen Faransanci wajen barkwanci da baƙar magana a intanet. Yarinyar da ba ta iya ɗaga ido a aji tana iya tura saƙon murya na minti bakwai da zai sa zaure duka dariya. Sai dai saƙon murya ana iya goge shi a sake ɗauka har sai ya yi daɗi. Wanda ya ɓata maka rai kana iya toshe shi. Tambayar da ta yi nauyi kana iya barinta sai gobe, ka ce data ce ta ƙare. Gaba da gaba babu ko ɗaya cikin waɗannan: maganar da ta fita ta fita, kuma in an ce maka a'a, a fuskarka za a faɗa, ka tsaya ka haɗiye, ka nemi wata hanyar. Ɗaliban sun gwanance da mutanen da suka zaɓa, sa'o'insu, masu yarensu da irin dariyarsu. Inda suke tuntuɓe shi ne da wanda ba su zaɓa ba: babba, baƙo, mai wani harshe, mai iko a kansu, mai jin haushinsu. A birni mai mutum fiye da miliyan biyar, a ƙasa mai harsuna wajen sittin, inda kusan mutum ɗaya cikin biyar baƙo ne, waɗanda ba ka zaɓa ba su ne mafi yawan mutanen da za ka yi rayuwa da su.

Ba na cikin masu kukan jiya ta fi yau a jami'o'in nan. Gaskiya ne cunkoson ɗakunan kwanan ɗalibai, inda ɗakin mutum biyu ke ɗaukar ninkin haka, shi ya haifi kiɗan zugulu a Yopugon wajen 1990, daga samarin da ba su da abin yi da dare sai tafi da ba'a da kukan talauci. Amma wannan zaman ne kuma ya raini ƙungiyar ɗalibai ta FESCI, wadda aka kafa a wannan shekarar, ta zama mai raba ɗakuna da karɓar kuɗi da zare adda, har gwamnati ta rushe ta tare da sauran ƙungiyoyin ɗalibai a Oktoba 2024 bayan kisan ɗalibai biyu. Ɗalibin da ya gwammace ya kulle kansa da waya yana da hujja. Haka ɗaliba: wadda ke sayar da atamfa da turare ta hotunan WhatsApp tana biyan kuɗin makarantarta ba tare da ta tsaya gaban wani mai kuɗi tana murmushin dole ba. Wani abin da iyaye suke kira iya mutane, a wurin mace haƙuri ne da cin fuska, kuma ba asara in ya tafi.

Ba kuma zaɓi ba ne a ce a ajiye wayar. Gwamnati ce da kanta ta kafa jami'ar karatu ta intanet, UVCI, a 2015, kuma da korona ta rufe makarantu a Maris 2020 darussa da yawa waya suka koma. An ga iyakar dogaron a Afrilu 2023, lokacin da kamfanonin suka rage yawan datar da ake samu a kuɗi ɗaya. Ƙasar ta ɗauki zafi, ɗan majalisa Assalé Tiémoko ya kira a ƙaurace wa kamfanonin ɗaya bayan ɗaya na 'yan sa'o'i, hukuma ta janye matakin. Ƙauracewar ma ta waya aka shirya ta.

Ga ɗan Bahaushen da aka haifa a Ajame, al'amarin yana da wata fuskar. Waya ta dawo masa da Hausar da a da take zubewa a tsara ta biyu ko ta uku: yana kallon finafinan Kano, yana jin tafsirin malaman Zariya da Maraɗi, yana musu da samarin Yamai a kan kokawa. Wannan riba ce ta gaske. Amma Hausar kallo ce, ba ta neman amsa. Yana iya sanin kowane jarumin Kannywood, amma a kai shi zaman makoki ya rasa abin da ake cewa bayan “ya haƙuri”, ya ɗora hoton mamacin a wayarsa da addu'a a ƙasa, yana ganin ya yi ta'aziyya. Dattawan da ke kukan haka su ma a duba majalisarsu bayan la'asar: alhazai biyar a tabarma ɗaya, shayi na dahuwa, kowa da malamin da yake saurara a tasa wayar. Su dai sun riga sun koya kafin ta zo, shi ya sa ba ta rage su da komai ba. Amma su ne suka daina aiken, su ne kuma suka daina hirar da yaro yake zama gefe yana tsinta.

Inda lissafin yake fitowa fili shi ne wurin aiki. Babban asibitin koyarwa na Tireshbil yana karɓar ɗaliban likitanci, kuma a harabarsa makarantar INFAS take horar da ma'aikatan jinya da ungozoma. Mara lafiyar da ke kwance a gado ba zaɓinka ba ne. Wataƙila tsoho ne Bamoshe da bai iya Faransanci ba, yana jin kunyar faɗin inda ke masa ciwo gaban 'yarsa, ya kuma sha maganin gargajiya kwana goma yana tsoron a yi masa faɗa. Sunan cutar da adadin maganin suna cikin waya, kuma gara a duba da a yi kuskure. Amma sai an zauna, an gaishe shi yadda ake gaida tsoho, an sallami 'yar da dabara, an jure shirunsa, kafin ya faɗi abin da ya sha. Haka mai neman gurbin koyon aiki a wani kamfani: takarda ta imel takan kwana dubu ba a buɗe ba, wanda ya iya gaida mai gadi da sakatariya shi yake sanin ranar da shugaban yake zama. Ko ɗaliban ESATIC, makarantar fasahar sadarwa da aka kafa a Tireshbil a 2012, in sun gama rubuta manhajarsu sai sun tsaya gaban mai kuɗi sun shawo kansa.

Akwai kuma wasu samari da ke ƙaryata duk mai cewa ƙarfen ne da kansa yake kashe baki. A kasuwar wayoyi ta Ajame da ake kira Black Market, masu gyara da dillalai suna wuni da waya a hannu fiye da kowane ɗalibi, sababbi da na hannu da waɗanda ba a tambayar asalinsu. Duk da haka da wuya ka sami wanda ya fi su iya mutane a Abijan. Daga tafiyarka sun san ko ka san farashi. Suna tarar ɗan Mali da Bambaranci, su juya su yi wa Bahaushe “Alhaji ƙaraso, naka daban ne,” su lallashi wanda ya dawo da wayar da ta mutu bayan kwana biyu har ya tafi da wata ya ƙara kuɗi. Abincinsu na hannun baƙi, don haka kullum suna cikin karatun. Ɗalibi yakan zo musu ya riga ya duba farashin a intanet, ya san girman ma'ajiyar wayar da ƙarfin batirinta fiye da mai sayarwa. In aka faɗi kuɗi ya nuna abin da ya gani a allo, dillali ya yi dariya ya ce to je ka saya a can, sai ya tsaya, bai san ana juya baya a yi taku uku don a kira ka ba. Da yawansu shi ya sa suke zuwa da wani ƙane ko ɗan maƙwabta da ya bar makaranta tun firamare yana taya uwarsa tsaron shago, shi ya yi cinikin, su su biya ta Wave.